Kwamfutar Da Ta Yi Barci Ta Ƙi Tashi

Jawabi ga magatakarda, malaman makaranta da ma'aikatan ɗakin shan magani masu riƙe da kwamfutar tafi-da-gidanka

Maganar yau a kan kuka ɗaya ce da ake yawan kawowa: mutum ya rufe murfin kwamfuta ya tafi cin abinci, ya dawo ya buɗe, allo baƙi ƙirin. Ko kuma ya sa ta a jaka da cikakken caji, ya isa ƙauye ya tarar da ita da zafi kamar dutsen guga, batir ya ƙare. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A cikin kwamfutar nan akwai sunayen waɗanda za su karɓi iri da taki, da lissafin adashen mata, da ranakun rigakafin yara. Ga shi kuma a wurare da yawa caji sai an jira rana ta buga sola, ko an sayi man janareto.

Kwamfutocin da nake magana a kai su ne masu aiki da Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint. Linux ɗin nan wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, Ubuntu kuma ya fito a 2004. Kyauta ne, kuma kowa yana da izinin duba yadda aka gina shi. Wannan zai amfane mu yau, domin ba ya ɓoye abin da ke damunsa.

Bari mu fara fahimtar barcin kansa. Aikin da kuke yi kafin ku adana shi yana zaune a wata ma'ajiya ta wucin gadi da ake kira RAM. Ita RAM ba ta riƙe kome sai da wuta. Sa'ad da kwamfuta ta yi barci, tana kashe allo da fanka da sauran sassa, amma tana barin 'yar wuta kaɗan tana shiga RAM, kamar yadda uwargida ke rufe garwashi da toka don ta same shi da safe. Idan garwashin ya mutu, abin da ba a adana ba ya tafi. Don haka kafin hannu ya taɓa murfi, a danna Ctrl da S. Ko kun manta da duk sauran jawabin nan, ku riƙe wannan.

To, da farko a duba ko ma ta ƙi tashi ne da gaske. Idan kun danna maɓallin kunnawa sai kuka ga tambarin kamfani ya fito, ta fara daga farko kamar da safe, mai yiwuwa ba barci ta ƙi tashi ba, wuta ce ta yanke mata. Sau da yawa tsohon batir ne, musamman a kwamfutocin da aka saya na hannu. Babu umarnin da zai gyara wannan. Sai sabon batir, ko a riƙa kashe ta gaba ɗaya.

Idan kuwa fitilarta tana kunne, fanka tana juyawa, allo ne kaɗai baƙi, kada ku yi gaggawar danne maɓalli ku kashe ta. Ku taɓa Caps Lock ku ga ko 'yar fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa. In tana yi, kwamfutar a farke take, idonta ne bai buɗe ba. Ku ƙara hasken allo tukuna, domin wani lokaci shi ke nan matsalar. In bai yi ba, ku danna Ctrl da Alt da F3 tare. Yawanci baƙin shafi zai fito yana neman sunanku. Daga nan Ctrl da Alt da F2 ko F1 zai mai da ku wurin aikinku a Ubuntu, a Linux Mint kuwa F7 ne. Wannan fita da komawar kan tashe allon, ku sami aikinku yadda kuka bar shi. Mai laifi a nan yawanci direban allo ne, wato ƙaramar manhajar da ke tuƙa sashen hoto. An fi ganin haka a kwamfutoci masu katin hoto na NVIDIA. Kamfanin ya tanadi wasu hidimomi masu suna nvidia-suspend da nvidia-resume domin adana abin da ke cikin katin kafin barci, kuma mai gyara zai iya duba ko suna kunne.

Yanzu ga wadda ta fi cin rai, wato mai zafi a jaka. A nan zan ɗan daɗe.

Barcin kwamfuta iri biyu ne. Akwai tsohon barci mai nauyi, wanda ƙa'idar ACPI ta 1996 ta ba suna S3, Linux kuma yana kiransa deep. A wannan kusan kome yana mutuwa ban da RAM. Sai kuma sabon barci mai sauƙi, barcin zomo, wanda Linux ke kira s2idle. Microsoft ne ya tura masu ƙera kwamfuta wajen wannan, daga Windows 8 a 2012, sa'an nan da sunan Modern Standby a Windows 10 a 2015, domin kwamfuta ta riƙa tashi nan take kamar wayar hannu. A barcin zomo kwamfutar ba ta sauka can ƙasa ba, kowane sashe ne ake roƙo ya yi shiru. Idan sashe ɗaya ya ƙi, ko katin intanet ne ko rumbun ajiya, sai ta ci gaba da shan batir murfi a rufe. Zafin nan kuwa yana rage wa batir kwana.

Domin ku san wanne taku take yi, ku buɗe Terminal, baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ku rubuta:

cat /sys/power/mem_sleep

Za ta nuna kalma ɗaya ko biyu. Wadda aka kewaye da baka ita ce ake amfani da ita. Idan deep tana nan amma s2idle aka kewaye, kuna iya gwada ɗayar da wannan:

echo deep | sudo tee /sys/power/mem_sleep

Ku adana aikinku, ku rufe murfi, ku jira, ku buɗe. Abin da ya sa nake son wannan gwaji shi ne ba ya ɗorewa. Da zarar an kashe an kunna, ta koma yadda take, ba ku ɓata kome ba. Sai in ya yi kyau sau da yawa ne za a sa mem_sleep_default=deep cikin fayil ɗin /etc/default/grub, a bi shi da sudo update-grub. Wannan mataki na ƙarshe ku bar wa wanda ya saba, domin kuskuren harafi a fayil ɗin nan yana iya kawo wata sabuwar damuwa.

Idan kuwa s2idle kaɗai ta fito, masu ƙera ta ne ba su buɗe barci mai nauyi ba, kuma rubuta deep ba zai kawo shi ba. Haka ya faru da ThinkPad X1 Carbon na shida da Lenovo ya fitar a 2018. Masu Linux suka yi ta kuka batir yana ƙarewa cikin barci, daga baya a shekarar kamfanin ya fitar da sabon BIOS mai zaɓin barci na Linux. Saboda haka yana da kyau a leƙa BIOS a ga ko akwai irin wannan zaɓi. Amma ku ji ni da kyau: a sababbin kwamfutoci da yawa barcin zomo shi ne aka gwada aka gyara, tilasta musu deep kan sa su ƙi tashi sam. Ni a ganina, in batir ba ya zuba, a ƙyale ta yadda take. Sabunta BIOS kuma kada a yi shi sai batir a cike, caja a jone, wuta tsayayya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, kwamfutar tana iya mutuwa ɗungum.

Akwai kuma mai tashi da kanta, da ta kwanta sai ta farka. Ku cire duk abin da ke jone a ramukan USB: linzami, filas, modem, wayar da ake caji. In ta kwanta lafiya, sai ku mai da su ɗaya ɗaya har ku kama ɓarawon. Umarnin cat /proc/acpi/wakeup yana nuna sassan da aka ba izinin tashe ta, kuma mai suna XHC, wato mai kula da USB, shi aka fi kamawa.

Wani zai ce, jiya lafiya lau take, sai da na sabunta manhaja abin ya fara. Wannan yakan faru in sabuwar zuciyar Linux, wato kenel, ba ta jitu da kwamfutar ba. Ubuntu yana ajiye tsohuwar. Lokacin kunnawa ku riƙe Shift ko ku taɓa Esc, ku shiga Advanced options, ku zaɓi kenel mai ƙaramar lamba. In barci ya gyaru, ku zauna a kanta har wani gyaran ya fito.

In duk ya gagara har kuka kashe ta da ƙarfi, to da ta dawo ku rubuta journalctl -b -1 -e. Wannan zai nuna layukan ƙarshe na littafin da kwamfutar ke rubuta wa kanta kafin a kashe ta. Ku nemi suspend entry, wato ta shiga barci, da suspend exit, wato ta fito, da duk layin da ke da kalmar failed. Ba sai kun gane Turancin ba. Ku ɗauki hoton allon da waya, ku rubuta sunan kwamfutar da lambar da ke ƙarƙashinta, da ko tana kan caji ne ko batir, ku aika wa mai gyara. Da wannan zai iya taimakonku ba tare da kun biya kuɗin mota ba.

Wasu sun yi tambaya a kan ɗaya barcin, hibernate, wanda ke kwashe abin da ke RAM ya zuba a rumbun ajiya ya kashe wuta gaba ɗaya. Yana da kyau inda caji ke wuya, amma Ubuntu ba ya buɗe shi da kansa, yana bukatar wurin ajiya da ya kai girman RAM ko kusa, kuma Secure Boot yana hana shi. Ga mai tafiyar awa biyu a kan babur, a adana aiki, a kwafe shi a filas, a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a jira fitila ta mutu kafin a sa ta a jaka.

Bayan hutu, duk wanda ya zo da tasa ya kawo ta gaban tebur, mu buɗe Terminal tare.