KU RUBUTA ABIN DA KE NAN: LACCAR AKAWUN JAM'IYYA GA SHUGABANNIN MAKARANTU A WANKE

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyyarmu ya yi a Wanke gaban Sakatarorin Ilmi, da Hedimastoci, da dattawan kwamitocin makarantu na ƙasashen Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu. Mun buga ta duka domin waɗanda hanya ta hana su zuwa.

Allah ya gafarta Malamai. Yawancinku iyayena ne, saura kuwa yayyena, saboda haka ba karatu na zo in koya muku ba. Ni akawu ne, aikina tara takardu da karanta su. Na zo muku da labari guda huɗu waɗanda suka shafi aikinku, sa'an nan in roƙe ku abu ɗaya tak.

LABARIN KUƊI

Na farko shi ne na kuɗi. Kun san dai tun 2004 akwai dokar ilmin bai-ɗaya, wadda ta ce karatun firamare shekara 6 da na ƙaramar sakandare shekara 3 kyauta ne, kuma tilas ne. Dokar nan ta fayyace abin da ta ke nufi da kyauta, watau littattafai, da kayan koyarwa, da ɗakin karatu, da kujeru, har da abincin rana. Wanda ya karɓi kuɗi hannun yaro saboda waɗannan, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyu. Uban da ya hana ɗansa zuwa kuwa, a tsawata masa da farko, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ina so ku lura, dokar ta tanadi bulala domin uba da malami, amma ba ta tanadi ko tsinke ba domin mahukuntan da suka kasa kawo kujerun.

To, ina kuɗin ke fitowa? Gwamnatin Tarayya ta kan keɓe kashi 2 cikin 100 na babban asusunta ta ba hukumar UBEC ta Abuja. Amma Jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi, naira bisa naira, ta kuma kai tsarin aikin da za ta yi da su. Saboda wannan sharaɗi biliyoyin naira sun sha kwana a Abuja shekara da shekaru, yara kuwa suna zaune a ƙasa. Tsarin aikin nan da hukumar SUBEB ta Gusau ke kaiwa, daga ina a ke samun lissafinsa? Daga takardun da ku ke cikawa ne, ba wani wuri ba.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi rabonsu kai tsaye, kada ya bi ta hannun Gwamna. Mu 'yan hamayya mun yi murna, gama mun daɗe muna kukan asusun haɗin gwiwa. Amma shekara ta kewayo ba a ga hukuncin ya fara aiki yadda kotu ta ce ba. Kuma ina jawo hankalinku ga tarihi. A 1988 an kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, albashin malamai ya daidaita. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa kome ga Ƙananan Hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, sai da aka maido da ita a 1993. Dattawan cikinku sun ga wannan da idonsu. Saboda haka ra'ayin Jam'iyyarmu shi ne a sakar wa Ƙaramar Hukuma kuɗinta, amma a fitar da albashin malami tukuna tun kuɗin ba su shiga hannun kowa ba, a kuma liƙa lissafinsa a bango kowa ya gani.

LABARIN MALAMAI

Na biyu ya shafi malamai. A watan Afrilu na 2022 aka sa hannu bisa dokar da ta ce malami ya yi ritaya yana da shekara 65, ko bayan aikin shekara 40. Dā shekara 60 ne ko aikin 35. A watan Yuli na 2024 kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa 70,000. Har ila yau ƙa'ida tana nan cewa takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da mutum zai riƙe kafin ya shiga aji, da rajistar hukumar malamai, watau TRCN.

Duk wannan ya yi kyau a takarda. Amma a farkon 2025 Gwamnatin Jiha da bakinta ta bayyana cewa binciken ma'aikatanta ya tono sunaye 2,363 na bogi, har da yara 220 waɗanda ba su balaga ba suna karɓar albashi. Jama'a, sunan bogi ba ya rubuta kansa. Akwai wanda ya rubuta, akwai wanda ya sa hannu, akwai kuma wanda ya gani ya kau da kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane suna na bogi a takardar albashi, aji guda ne wanda ba malami a cikinsa. Haka kuma malamin da sunansa ke ƙauye, shi kuwa yana cikin Gusau yana harkar gabansa, domin yana da uban gida. In Hedimasta ya cika masa rajistar zuwa aiki, an rufe ƙofar aiko wa garin nan da wani malami, gama a ofis za a duba a ce ai suna da shi.

LABARIN ABIN DA ZA A KOYAR

Na uku shi ne na manhaja da harshe, kuma a nan ne za ku ga yadda a ke wasa da hankalinku. Tun tsarin ilmi na 1977 an ce a fara koya wa yaro da harshensa a shekarun farko na firamare. A ƙarshen Nuwamba na 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa an ƙara, za a koyar da harshen gida har shekara 6. Ba a buga littattafan da za su isa ba, ba a horar da malaman da za su isa ba. A watan Nuwamba na 2025 sai Minista Tunji Alausa ya sanar cewa an soke wannan, Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji. Cikin shekara 3 an ce ku yi gabas, an ce ku yi yamma, ba wanda ya zo Wanke ko Yankuzo ya tambayi malamin aji ɗaya abin da ya gani.

Mu dai abin da muka sani shi ne, yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, in ya iya haɗa baƙi da wasali da Hausa, sauran karatu ya kan zo masa da sauƙi. Hausa tana nan a jerin darussa, ba a soke ta ba. Ku riƙe darasin nan da kyau, ku ba shi malamin da ya iya, kada ku mai da shi lokacin shara.

A watan Satumba na 2025 kuma aka fito da sabuwar manhaja. An rage yawan darussa, an maido da Tarihin Nijeriya tilas tun daga firamare, an kuma kawo sana'o'i guda 6 a sakandare: haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da na gona. Ba mu ƙi ba. Amma makarantar da ba ta da rufi, da wane keke za ta koyar da ɗinki? In aka aiko muku da takarda a cika cewa an fara, alhali ba a fara ba, ku rubuta ba a fara ba, ku kuma rubuta dalili.

LABARIN TSARO

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma mutanen Wanke ba su bukatar baƙo ya ba su labarinsa. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe, aka sako 279 ran 2 ga Maris. Ran 1 ga Satumba na shekaran nan aka ɗauki yara 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, Gwamnati ta rufe makarantun Jiha duka, aka kuma yanke layukan waya. Ran 22 ga Satumba, 2023, aka shiga Sabon Gida aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. A watan Nuwamba na 2025 abin ya auka wa Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja cikin mako guda. Allah ya kiyaye na gaba.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu wadda aka ƙulla a birnin Oslo a 2015. A Disamba na 2022 aka ƙaddamar da shirin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, aka ce zai ci naira biliyan 144.8. Gwamna Dauda Lawal kuma ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Nuwamba na 2023, kuma an gyara waɗansu makarantu, mun gani, ba mu musu ba. Tambayarmu ita ce, nawa ne daga ciki ya wuce bakin kwalta? Makarantar da ke kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa kowa na ganin fentinta. Wadda ke cikin daji, malamanta sun gudu, yaranta sun watsu cikin Tsafe da Gusau suna gararamba, ita wa ya san halinta?

ABIN DA NA KE ROƘO

Ga roƙona. Ku rubuta abin da ke nan. Kun ga labarun nan huɗu, a Abuja da Gusau a ke yanke su, ba a shawarce ku ba. Amma duk wanda zai raba kuɗi, ko malamai, ko littattafai, ko jami'an tsaro, lissafinku ya ke dubawa. Alƙalamin nan yana hannunku.

In yara 300 ne a rajista, 80 ke zuwa, ku rubuta 300 ku rubuta 80. In makaranta ta yi wata 6 a rufe, ku rubuta ranar da aka rufe ta da inda yaran suka nufa. In an ce an gina aji 3 an kuwa gina 2, kada ku sa hannu a kan 3. Yaran da gudun hijira ya kawo muku, ku shigar da su, ku rubuta garinsu na asali, domin kada su ɓace tsakanin rajista biyu. Ku ware lissafin 'yan mata dabam, gama su ne farkon waɗanda a ke cirewa in tsoro ya zo. Kowace takarda ku yi ta uku: ɗaya ofis, ɗaya wurin dattawan kwamitin makaranta, ɗaya a liƙe a bango. Takardar da ke hannun mutum goma ba ta ɓacewa a durowa.

Na san abin da ke ranku. Za ku ce wanda ya faɗi gaskiya a kan yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba mai son zuwa, ko a riƙe masa ƙarin girma. Haka ne, kuma ba ni da ikon hanawa. Amma Hedimasta ɗaya a ke iya tsangwama. In na Gusau, da na Tsafe, da na Bunguɗu suka kai lissafin gaskiya rana ɗaya, wa za a canza, wa za a bari? Mai yi maka wanka ba ka ɓoye masa cibiya. Kowa ya ɓoye ciwon makarantarsa domin ya faranta wa na sama, ya hana ta magani da hannunsa.

Kada kuma wani ya ce muku ilmi baƙo ne a ƙasar nan. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe gari ne na malamai tun kafin jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara, kuma ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A Sakkwato aka ƙaddamar da ilmin bai-ɗaya ran 30 ga Satumba, 1999. A Maru, nan kusa da mu, Malam Aminu Kano ya koyar a makarantar horon malamai kafin ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasar ceton talaka. Malamin makaranta ne kamarku, kuma bai jira izinin na sama ba kafin ya faɗi abin da ya gani.

Ba mu ce ku shiga Jam'iyyarmu ba. Ku ma'aikatan Gwamnati ne, ku tsaya bisa aikinku. Mu namu alkawari shi ne, duk lissafin da aka liƙa a bango za mu kwafe shi mu buga a jaridan nan, ko ya yi wa Gwamnati daɗi ko bai yi ba, ko da a garin da mu ke da rinjaye ne. Ran da mulki ya zo hannunmu kuma, da wannan lissafi za ku kama mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya buɗe makarantun da ke rufe.