Yadda Ake Juyen Baƙin Mai a Gida

Yau za mu yi magana a kan baƙin mai, watau man da ake zuba wa inji don ya yi taushi. Kada wani ya ce shi ba shi da mota, zancen bai shafe shi ba. Wanda ba shi da mota yana da babur, ko injin niƙa, ko janareta, ko kuwa ɗansa yana tuƙa motar wani. Dukansu baƙin mai suke sha, kuma hali ɗaya gare su.

A cikin inji ƙarfe ne yake gogar ƙarfe. In mota tana gudu sosai, sandar da ke tsakiyar inji takan juya kamar sau 3,000 a minti ɗaya, watau sau 50 kafin ka ce ɗaya. Ba abin da ke raba ƙarfen nan da ɗan'uwansa sai mai, wanda kaurinsa a wurin bai kai na takarda ba. Man nan yana hana gogayya, yana rage zafi, yana kuma kwashe dauɗa ya kai ta cikin filta. Filta gwangwani ce mai takarda a ciki, aikinta aikin rariya: mai ya wuce, tsaki ya tsaya.

To, mai yana gajiya. A ƙasarmu kuwa ya fi saurin gajiya, gama abokan gabansa biyu duk a nan suke zaune, zafi da ƙura. Ku dubi motocin da ke zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Hanya rairayi, kaya ya yi yawa, ga buhunan riɗi, ga awaki, ga mutane a bisa. Da hunturu hazo ya rufe ko'ina, da bazara rana ta ƙwalle. Ƙurar nan tana shiga inji kaɗan kaɗan, ta gauraya da mai. In aka bar shi ya daɗe, maimakon ya kare ƙarfe sai ya riƙa cinsa kamar dutsen wasa wuƙa. Rannan sai a ji inji ya buga a tsakiyar daji. Daga nan sai sauke inji, sai sayar da sa ko raguna don a biya bakanike, mota kuwa ta yi makonni ba ta kawo ko kwabo.

Yaushe ake juye? Kowace mota tana da littafinta, shi ne alƙali. In littafin ya ɓata, a irin hanyoyinmu ga wanda ke zuba man da aka saba, kada a wuce kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Babur ya fi mota son juye da wuri, don mansa kamar lita 1 ne kawai. Direban da ke cin kilomita 200 kullum, cikin kwana 25 ya cika 5,000. Shi ba ya jiran wata 6.

Wajen sayen mai, nan ne karatunku zai yi muku rana. A jikin galan za ku ga an rubuta 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana in inji ya yi sanyi da asuba, ta biyu kuwa kaurinsa in inji ya ɗauki zafi. Tsofaffin motoci, irin su Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun saba da mai kauri. Sababbin injuna da yawa mai ruwa-ruwa suke so, kuma wanda ya ɗura musu mai kauri don yana jin ya fi ƙarfi, cutar su ya yi. Ku nemi kuma haruffa uku, API, ku dubi harafin da ke biye. In S ne, na injin fetur ne. In C ne, na injin gas ne. Wani galan yakan ɗauki duka biyu.

Ku sayi galan mai hatimi wanda ba a taɓa buɗewa ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, mai saye ba shi da hanyar sanin asalinsa. Wani mai kyau ne, wani tsoho ne aka tace aka sake kawowa. Araha ba ta ado.

Kayan aiki ba su da yawa: sufana daidai da notin, filta sabuwa irin ta motar, washa sabuwa, mazurari, tsumma mai tsabta, da tsohon kwano mai faɗi wanda ba za a ƙara cin abinci a cikinsa ba. Ƙaramar mota takan sha kamar lita 4.

Yanzu ga maganar da muke so ku riƙe fiye da kowace. Kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Ƙasarmu rairayi ce, jak yana nutsewa, yana zamewa, kuma ba ya sallama. Mota in ta sauka a ƙirjin mutum, ba a ɗaga ta da hannu kafin numfashi ya ƙare. A nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu gaba da baya. In an ɗaga mota, a sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak, kana a tara ta da kututturai masu kauri. Kada a yi tari da bulo na siminti ko tubali, gama suna rugujewa farat ɗaya. Wanda bai sami wannan ba, ya kai ta ramin juye a Gumel ya biya, ba abin kunya ba ne. Yara kuwa a kore su nesa.

Sai a ta da inji ya yi kamar minti 5, don mai ɗumi ya fi zuba, sa'an nan a kashe. In daga tafiya aka dawo a bari ya huce tukuna, gama man da ya sha hanya zafinsa ya kai na tafasasshen ruwa. A share rairayin da ke bakin murfin sama kafin a buɗe shi. A sa kwano a ƙarƙashin inji, a kwance notin da ke gindinsa, ana juya shi hagu. A ƙarasa da yatsu, a janye hannu maza. A bar mai ya tsiyaye minti 10 ko fiye.

Kafin a kau da kwanon, a leƙa ciki. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Amma in an ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, ko man ya yi fari-fari kamar kunu, to ruwa ya shiga ko ƙarfe yana cin kansa. Wannan ya wuce aikin gida, sai bakanike.

Sa'an nan filta. Ita ma hagu ake juya ta. In ta ƙi hannu, a naɗe ta da tsohon bel a murɗa. Da ta fita a duba ko zoben robarta ya biyo ta, don yakan manne a jikin inji. In aka ɗora sabuwa a kan tsohon zobe, mai zai tsere duka cikin 'yan mintoci. A shafa sabon mai a zoben sabuwar, a ɗaura ta da hannu kawai. In zoben ya taɓa inji, a ƙara abin da bai kai juyi ɗaya ba, a tsaya. Wasu sukan canja mai su bar tsohuwar filta don tsimi. Mu dai ba mu ga tsimin ba: kamar mutum ne ya yi wanka ya mai da rigar da ya yi sussuka da ita.

A mai da noti da sabuwar washa, a ɗaure shi sosai amma ba da ƙarfin tsiya ba, kada haƙoransa su lalace. A zuba mai ta mazurari, a rage kaɗan, a rufe. A ta da inji. Jar fitilar mai za ta kama, ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta ƙi mutuwa a kashe inji nan take. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A kashe, a jira minti 5, mota tana ƙasa a kan tayoyinta. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun nan, kusa da ta sama. Kada ya wuce, gama mai in ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Tun da murfin mota yana buɗe, a ciro matatar iska a kakkaɓe ta, in ta toshe a sake wata.

Saura tsohon mai. Kada a zubar da shi a ƙasa, ko kwata, ko kusa da rijiya. Rairayi yana shanye shi, kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa, ku kuwa kun san wahalar ruwa a ƙasar Gumel. Kada a shafa shi a gyambon dabba ko ƙazuwar yaro, kamar yadda wasu ke yi. Akwai guba a cikinsa, kuma likitoci sun gano yawan taɓa shi yana iya jawo ciwon daji na fata. A juye shi a galan ɗin da aka zazzage, a rufe, a rubuta TSOHON MAI a jiki da manyan baƙaƙe, a kai wa masu gareji su tara. A wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Daga nan sai a ɗauko littafi da fensir. A rubuta ranar da aka yi juye, da irin man, da lambar da agogon tafiya ya nuna. In ya nuna 84,000, a ƙara 5,000. Kowa ya ɗauki allonsa ya yi mana wannan lissafi yanzu, za mu zaga mu duba.