Tsakanin Halwa da Kasuwa: Abin da Tafiyar Malam Abdullahi na Gwandu Zuwa Kano Take Koya Mana

  

An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai haɗa gyaran zuciyarsa da aikin da yake yi a cikin jama'a. Na ga ya fi kyau mu ɗauko mutum guda wanda abin ya taɓa shi a jika, mu bi sawunsa, maimakon mu tsaya kan maganar da ba ta da ƙafa. Mutumin kuwa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu.

Idan ana maganar aiki, ba wanda zai nuna wa Malam Abdullahi yatsa. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi tun yana matashi. Yana cikin jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a wannan shekarar, inda aka karya Yunfa Sarkin Gobir. Ya ga yaƙin Tsuntsuwa, ya ga na Alwasa, ya binne abokan karatunsa. Amma wajen 1807, ana tsaka da yaƙi, Alkalawa, babban birnin Gobir, ba ta ma faɗi ba, sai ya juya wa runduna baya, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat ya faɗi dalilinsa da bakinsa. Mutanen kirki da aka fara tafiyar da su yawanci sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka maye gurbinsu kuma hankalinsu ya koma kan sarauta da ganima da ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakan sukuwa a cikin gari. Abin da aka fito yaƙa, shi ne ya sake tsirowa a cikin sansanin masu yaƙin. Ya ji tsoron kada shi ma ya narke a ciki.

Ina so mu tsaya a nan kaɗan, domin mutane da yawa suna saurin wucewa. Jihadin yana cin nasara a lokacin. Garuruwa suna faɗuwa, tutoci suna fita. Wanda yake auna al'amari da sakamakon zahiri kawai zai ce komai yana tafiya daidai. Sai wanda ya saba komawa ɗaki ya tambayi kansa don me nake yin wannan, shi kaɗai zai iya jin warin ruɓa a cikin nasara. Wannan ne amfanin farko na muhasaba, kuma babu abin da zai maye gurbinsa. Yawan zirga-zirga yana kurumtar da mutum. Mai ƙungiya da ke raba abinci ga marayu, malamin da ke tafsiri gaban dubban mutane, matashin da ke fafutukar gyaran unguwa, kowannensu yana iya wayar gari ya tarar aikin yana nan yadda yake, amma niyyar ta daɗe da sauya hannu, riya da son a sani sun karɓi ragama ba tare da sallama ba.

To, sai Malam Abdullahi ya iso Kano. Mutanen Kano suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tsayar da shari'a da tafiyar da mulki. Da ya duba, sai ya ga abin da ya gudo wa a yamma yana nan a gabansa. Yana iya cewa ku ma haka kuke, ya ɗaure kayansa ya ci gaba. Bai yi haka ba. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ke bayanin wajiban shugaba da alƙali da yadda ake riƙon dukiyar jama'a, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, har ya ba da labarin cewa sun tuba sun farfasa kayan wasansu, kwangon gangunansu ya koma abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya koma wurin Shehu. Bai je Makka ba. A 1812, da Shehu ya raba ɗawainiyar mulki tsakanin Malam Abdullahi da Muhammadu Bello, sai Malam Abdullahi ya karɓi ɓangaren yamma, ya riƙe Gwandu har rasuwarsa a 1829, yana mulki yana rubutu, ciki har da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili da ake karantawa a zaurukanmu har gobe.

Ra'ayina a kan wannan labari shi ne, da Malam Abdullahi ya wuce Makka ya zauna yana ibada har mutuwa, da mai yiwuwa ya tsira da kansa, amma da Kano da Gwandu sun yi asarar da ba ta misaltuwa, da kuma masu son sarautar nan sun sami fili babu mai ce musu kul. Ja da bayansa gaskiya ne, dawowarsa ita ta sa ja da bayan ya haifi 'ya'ya. Kuma ku lura, bai dawo da hannu biyu ba. Ɓacin ran da ya kore shi daga runduna shi ne ya zama littafi a kan yadda ake mulki da adalci.

Ba shi ne farau ba. Imam Gazali ya hau kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai kusan 300 suna zama a gabansa, fada tana girmama shi. Da ya binciki niyyarsa, sai ya tarar neman suna da matsayi ne ke tura shi. Damuwar ta kai har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce ciwon daga zuci yake. A 1095 ya bar komai ya tafi Sham, yana hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe kansa, ya je Baitul Maƙdis, ya yi aikin hajji. Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur, ya rasu a Ɗus a 1111. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Ihya'u Ulumiddin da ya fito daga waɗannan shekaru na kaɗaici. Littafin kashi huɗu ne, kuma kashi guda cur a kan al'amuran yau da kullum yake: ladubban cin abinci, aure, neman halal da ciniki, zama da mutane, tafiya, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mutumin da ya rufe kansa a hasumiya ya fito yana koya wa ɗan kasuwa yadda zai auna mudu.

A cikin littafin ne ya kwatanta mutum da zuciyarsa da abokan ciniki, kuma duk wanda ya taɓa zaman shago a kasuwar Kwari ko ta Kurmi ya san abin. Da safe ubangida yana gindaya wa yaronsa sharaɗi, da rana yana sa masa ido, da yamma a zauna a yi lissafi, a ga riba ko faɗuwa. Lissafin yamma ba ya yiwuwa sai an buɗe shago an yi ciniki. Wanda bai fita ya yi hulɗa da kowa ba, me zai lissafa? Haƙurinsa ba a gwada ba, amanarsa ba a gwada ba, yana iya ɗaukar kansa waliyyi alhali dama ce kawai bai samu ba. Wanda kuma yake ciniki kullum ba ya lissafi, sai uwar kuɗin ta ƙare yana ganin yana cin riba.

Saboda haka ni ban yarda da fahimtar da ke cewa a raba rayuwa biyu ba, rabi ga Allah a masallaci, rabi ga duniya a ofis. Abin da kake dubawa a ɗaki da dare shi ne abin da hannunka ya aikata da rana, abin da ka gano da dare kuma shi za ka fita da shi da safe. Malamanmu sun tsara wannan a cikin sharuɗɗan tuba tun da daɗewa. Nadama aikin zuciya ce. Barin laifin da ƙudurin ƙin komawa sun fara taɓa gaɓɓai. Idan kuwa laifin ya shafi haƙƙin wani, tubar ba ta cika sai ka mayar masa da haƙƙinsa ko ka nemi yafiyarsa. Wannan sharaɗin shi ke tashe ka daga kan buzu, ya sa ka saka takalmi, ka je ƙofar gidan mutumin da ka cuta ka yi sallama. Kuka a sujada yana da sauƙi a kan wannan sallamar.

A nan ne nake jin ciwo game da halinmu na yau. Goman ƙarshe na azumi masallatanmu suna cika da masu i'itikafi, tahajjud sai an shimfiɗa tabarmi a titi, masu hali suna maimaita Umara shekara bayan shekara. Ba na raina ko ɗaya, Allah Ya karɓa. Amma a cikin sahun nan akwai wanda direbansa yake bin sa albashi, akwai wanda ya riƙe gadon marayun ɗan'uwansa, akwai ma'aikacin da ya danne takardar fanshon wani dattijo sai an ba shi na goro, akwai mai algus a hatsi. Idan kwana goma a masallaci ba su tuno wa mutum da waɗannan ba, to ya huta ne daga hayaniyar gida, bai yi muhasaba ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kaɗaita a kogon Hira, daga nan ya sauko ya shiga cikin mutanen Makka da saƙon da ya jawo masa jifa da ƙaurace wa, ya yi shekara 23 yana ɗauke da shi.

Ɗalibai, ku kuma matsalarku ta fi karkata ga ɗaya ɓangaren. Wayar da ke hannunku ta sa kowa ya zama mai wa'azi da mai raddi. Kafin a idar da sallar asuba an yi wa mutum goma hukunci a Facebook. Kishin yana da kyau, ina kuma son sa. Amma wanda bai taɓa zama minti goma shiru ya tambayi kansa ko don gaskiya yake rubutun nan ko don a ce ya iya ba, wata rana zai zama irin mutanen da Malam Abdullahi ya gudo wa, yana riƙe da tutar gyara.

Iyayenmu mata, ku kuna da taku madogarar. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, mace ce mai zurfi a tafarkin Ƙadiriyya, mai zikiri da zuhudu. Ba ta tsaya nan ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji tana ba su malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan karkara tsarki da salla da kula da marasa lafiya da zaman amana da maƙwabta. Zikirinta da makarantarta a gida ɗaya suka zauna.

Ga abin da nake roƙon kowa ya gwada, ba sai ya jira azumi ba. Bayan sallar isha'i, a ajiye waya, a bi ranar daga safe zuwa dare da sunayen mutane, ba a dunƙule ba: wa na yi wa magana mai zafi, kuɗin wa ke hannuna, aikin wa na jinkirta, wane alheri na yi don a gani. A cikin abin da ya fito, a zaɓi guda ɗaya wanda za a iya gyarawa gobe kafin azahar, a je a gyara shi. Wanda ya ji zuciyarsa ta yi nauyin da sai ya ja da baya na ɗan lokaci daga wata kujera ko wata ƙungiya, ya ja, amma ya gaya wa wani malami ko amini mai faɗa masa gaskiya, ya kuma sa wa kansa ranar dawowa, domin shaiɗan yana iya sa wa lalaci da tsoro rigar zuhudu.