Lafinta: turare ce da magani, amma ba abinci ba ce

Yau zancenmu bisa lafinta ne.

Kowa ya san ƙamshinta cikin turare da sabulu, amma ba kowa ya san icenta ba. Ƙaramin ice ne mai hure shuɗi, dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Ana nomanta a kudancin Faransa da ƙasar Bulgariya, wurin da akwai rana da ƙasa mai tsakuwa. In huren ya nuna sai a yanke, a turara shi da tururin ruwa, mai ya fito. Mutanen can suna shaƙar man, ko su sha ruwan huren kamar shayi, don hankali ya kwanta, barci ya zo.

Masu bincike sun auna hure da ganyen lafinta, sun iske amino asid a ciki. Mine ne amino asid? Ku ɗauke su kamar tubali. Da su jiki yake gina tsoka da jini da fata. Iri 20 ne. Jiki yana yin 11 da kanshi, amma 9 sai daga abinci.

To, ku saurara da kyau. Wanda ya sha ruwan lafinta, ɗan hure kaɗan ya jiƙa. Tubalin da ke ciki bai kai ya gina jiki ba. Amfanin lafinta yana cikin mainta mai ƙamshi.

Ina za mu samu tubalin? Cikin wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, nama da ganyen zogala. Gero yana da ƙarancin iri guda da ake ce ma lizin, wake kuwa yana da shi da yawa. Don haka gero da wake in sun haɗu, sun cika juna. Hura ma a dama ta da nono.

Uwaye, yaron da ya rame, ko ƙafafunshi sunka kumbura, tamowa ce ke iya kama shi. Ba turare ko saiwa za su tashe shi ba. Ku kai shi likita, ku ƙara mishi wake da gyaɗa cikin kunu.

Abu na ƙarshe: kwalabar lafinta ta kasuwa ta shafawa ce, ba ta sha ba. Ku aje ta nesa da yara.

Wanda ya ji, ya gaya ma wanda bai zo ba. Allah shi ba mu lahiya.