Ciwon Ƙugu da Yadda Ake Sauƙaƙa Shi a Gida

Shirin lafiya na yau ya shafi masu sauraro na Beli da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye, inda ciwon ƙugu, wato ciwon ƙasan baya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ɗuwawu, kan tsananta da damina saboda duƙon noman fartanya, da kaka kuma saboda dakon buhuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a 2020, kuma a kusan tara cikin goma ba a gano wata cuta takamaimai da ta jawo shi, galibi kuma yakan lafa cikin 'yan makonni.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwanciya kwana da kwanaki, domin tsokar da ba ta motsi sagewa take yi, ciwon kuma ya daɗe. Hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, daga nan sai ɗan tattaki safe da yamma, ana ƙarawa gwargwadon hali. Gashi da tawul ɗin da aka tsoma a ruwan ɗumi aka matse, na minti 15 zuwa 20, yana sassauta tsoka, mai kwanciya ta gefe kuma ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Wanda zai ɗaga kaya ya tsuguna ya jawo su jikinsa, ya miƙe da ƙarfin cinyoyi ba tare da murɗa ƙugu ba. Buhu mai kilo 100 kuwa aikin mutum biyu ne, komai ƙarfin saurayi. Mai wanki ta ɗora baho a kan tudu maimakon ta yini a duƙe.

Ibuprofen da diclofenac suna rage raɗaɗi, amma sukan illata masu gyambon ciki da masu ciwon ƙoda da masu juna biyu, haɗin ƙwayoyi na 'yan talla kuma ba a san abin da ke cikinsa ba, balle tramadol da ke zama jaraba.

Idan ciwon ya zo da raunin ƙafa, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, to a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Wanda ya kai mako shida babu sauƙi ya je asibiti mafi kusa, inda za a iya tura shi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.