AMSAR ƳAN ABIJAN GA DATTAWA A KAN YAWON RANAR LAHADI

Jawabin da wakilin ƴan biɗa mazauna Abijan ya yi a taron ƙungiya na damina, ƙofar gidan Mai gari.

Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, muna gaishe ku, muna yi muku barka da ruwa. Ƴan uwa da sunka rage can, waɗanda ba su samu zuwa noma ba bana, sun ce a gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. In munka ce za mu kira sunaye, magariba za ta iske mu nan.

Takardar da kunka aiko mana bayan ƙaramar salla ta iso, kuma an karanta ta gaban kowa. Magana biyu ke cikinta. Ta farko, a ƙara kuɗɗin wata saboda gyaran famfon gari da bankin hatsi. Wagga ba ta sha gardama ba, an yarda. Ta biyu ita ce ta hotuna. Kun ce kuna ganin ɗiyanku cikin salula, bakin teku, da tabarau da farantan abinci, ana kiɗa, alhali nan gida ana auna hatsi tiya tiya. Kun ce a bar yawon Lahadi. A kan wagga ce anka aiko mu, kuma da ladabi muke roƙo ku saurare mu har ƙarshe.

Bari mu fara da kwana shidan da ba a ɗaukar hotonsu. Mafi yawanmu muna Ajame, Abobo, Por-Buwe da Kumasi, wato Kumasi ta Abijan, ba ta Gana ba. Ɗaki guda, mutum shida ko takwas, kowa da tabarmarshi da jakarshi rataye ga kusa. Mai shayi da kofi yana hura wuta tun kafin kiran asuba. Mai nama sai tsakar dare yake shigowa, ya iske mai gadi ya fita. Akwai ƴan ɗaki guda da kan yi mako ba su ga juna a farke ba. Wasu na sauke albasar Galmi a kasuwa, wasu na dako, wasu na yawo da kaya bisa kai. Mutanen can har sun ɗauki kalmarmu sun sa wa teburin mai kofi: in mutum zai karya kumallo sai ya ce za shi wurin aboki. Duk wanda ya fito daga Nijar, sunanshi Aboki, ko da furfura har gemu.

Kuma aikin ya ƙara wuya. A watan Afrilu na 2024 hukumar birnin ta hana talla bisa manyan hanyoyi, ta hana tura amalanke. Cikin shekarar nan kuma an rushe unguwanni da rumfuna da dama. Wanda ke talla, ido ɗaya ga mai saye, ido ɗaya ga motar hukuma. In an kwashe kayanka, jarinka ya tahi. Ba wanda ke aiko muku hoton wannan, don ba wanda ke so uwarshi ta kwana ba barci.

Abincin da kunka gani cikin faranti kuwa, ku bari mu gaya muku ko mine ne. Farin nan mai kama da dambu, aceke ne. Da rogo ake yin shi, a jiƙa, a niƙa, a matse, a turara, kuma aikin matan bakin ruwa ne na wajen Dabu da Abijan. Yana da ɗan tsami. Baƙo in ya fara ci sai ya ɓata fuska, bayan wata biyu kuma shi ke neman ƙari. In an sa mishi soyayyen kifi, da tumatir da albasa da barkono, sunanshi garba. I, Garba, sunan nan namu. Ƴan Nijar ne sunka yi fice wajen saida shi, sai sunan ya bi abincin, yau daga ɗalibi har ma'aikacin banki ba wanda ba ya cin garba. Kifin ma ba na masu kuɗɗi ba ne: ragowar abin da manyan jiragen ruwa ke saukewa a tashar Abijan ne, wanda masana'antun kifin gwangwani ba su ɗauka ba. Da dala 100 ko 150 mutum ya ƙoshi har dare. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa aikin aceke cikin al'adun duniya da ake tattali, mutanen ƙasar sunka yi ta murna. Mu dai abin da munka sani, shi ne abincin talaka.

Akwai aloko, soyayyar ayaba da manja. Akwai futu, wanda ake kirɓawa a turmi, a ci da miyar kwakwar manja. Muna ci, muna godiya. Amma, iyayenmu mata, ku sani ba abin da ke tada hankalin ɗan Adar a can kamar hura. Hatsi na da tsada, nonon shanu kuma sai an sha wahala. In wani ya iso daga gida da ƙullin kuka, da kilishi, da cuku, da garin hatsi, ba ya cin shi shi kaɗai. Ajiyewa ake har Lahadi, a tuƙa tuwo a babbar tukunya, a zauna a ci tare. Mutumin da bai faɗi kalma goma ba duk mako, ranar nan sai ka ji shi yana ba da labarin gonar ubanshi.

To ga Lahadin. Bayan azahar ake haɗuwa, wannan mako a ɗakin wane, mako mai zuwa a ɗakin wane. Abin farko da ake yi, ƙidayar kawuna. Wa ya zo, wa bai zo ba, don mi? Nan ake jin wane na kwance da zazzaɓi, wane an kama shi ba takarda, wane an kwashe mishi kaya. Nan ma'aji ke buɗe littafi, kowa ya ajiye abin da ke kanshi. Kuɗɗin rufin ajin lakkwal daga wannan tabarma sunka fito. In an yi rasuwa, Allah ya kiyaye, daga nan ake sayen likkafani, a yi sutura, a aiko wa iyali abin da ya samu. Takardarku ma ranar Lahadi anka karanta ta. Da ba a taruwa, da ba ta sami mai ji ba.

Kiɗa kuma akwai shi, ba za mu ɓoye ba. Abijan gari ne da kiɗa ba ya mutuwa. Akwai wanda suke kira zugulu, da ɗaliban jami'a sunka fara wajen 1990, suna kukan yunwa da rashin wurin kwana. Wanda ya ji abin da suke faɗi ya san ba su yi nisa da mu ba. Akwai kupe-dekale na ƴan gayu, inda ake watsa kuɗɗi bisa mawaƙi don a kira sunanka. Wannan bai ba mu mamaki ba, mun san wasu dattawa a nan wurin da sunka taɓa kyautar da rago gaban makaɗi, ba za mu nuna kowa ba. Waɗannan muna jin su ko ba mu so, cikin mota, cikin kasuwa, ta bangon maƙwabci. Amma a ɗakinmu ranar Lahadi, Shata ne, da Ɗan Anace, da gurumin Mamman Barka, Allah ya jiƙansu. Da can a kaset, yanzu cikin salula. Lokacin kokowar takobi kuwa, wadda anka fara a Tawa a 1975, ba a ma maganar aiki. Mutum ashirin kan salula guda, ana ihu, ƴan Tawa na faɗa da ƴan Dosso, maƙwabta na leƙowa su ga ko gobara ce.

Yawon bakin teku, wanda ya jawo maganar, ba kowane mako ba ne. Sau uku ko huɗu ne a shekara, galibi bayan salla. Wurin sunanshi Basam, kilomita 40 daga Abijan, kuɗɗin mota zuwa da dawowa ba su kai jikka biyu ba, kuma abinci daga ɗaki muke tahiya da shi. Tsohon gari ne. Nan Faransawa sunka kafa babban birninsu na farko a 1893, cutar shawara ta kore su a 1899, sunka bar manyan gidaje masu baranda, wasu har itace ya tsiro cikinsu. Gidan gwamna an maida shi wurin ajiye tufafin gargajiya. Ɗan Adar da ya tashi yana jan guga gaba ashirin, in ya tsaya gaban ruwan da ba a ganin ƙarshenshi, shiru yake yi. Daga nan sai ya ce a ɗauke shi hoto. Tabarau ɗin kuma, Mai gari, in kun duba da kyau, guda ne ke yawo daga fuska zuwa fuska.

Shiga ruwan dai mun hana. Tekun Basam na da ja, yana cin mutane har da waɗanda sunka iya iyo, balle mu. Mun kuma tuna ranar Lahadi 13 ga Maris 2016, da ƴan bindiga sunka buɗe wuta a bakin ruwan nan, mutum 19 sunka mutu. Don haka ba a zuwa sai da babba cikin tahiya, kuma kafin magariba an kama hanya. Wasu sun taɓa haɗa kuɗɗi sunka je Yamusukuro, sunka ga kadojin tafkin gidan Ufuwe Bwanyi da ƙaton cocin da anka buɗe a 1990. Sau ɗaya ya isa.

Akwai kuma wani amfani da ba ya fitowa a hoto. Mu baƙi ne, kuma baƙo na buƙatar wanda ya san shi. Wurin cin abinci tare, da kallon ƙwallo, da irin wannan fita, nan muke sabawa da Jula da Mosi da Baule. Ranar 11 ga Fabrairu 2024, da Kodibuwa ta ci Nijeriya 2 da 1 ta ɗauki kofin Afirka, mun yi tsalle tare da su, ko da yake wasunmu zuciyarsu na wajen maƙwabta. Kuna iya cewa wannan wasa ne. Amma kun tuna watan Mayu na 2021, da anka yaɗa wani bidiyo na ƙarya cewa ƴan Nijar na dukan ƴan Kodibuwa. Cikin yini guda anka far ma mutanenmu a Abobo da wasu unguwanni, anka fasa rumfuna, anka ji wa mutane rauni, har da rasa rai. A irin wannan rana, abin da ke tsakaninka da sanda shi ne maƙwabcin da zai buɗe maka ƙofa ya ce, wannan na san shi, a wurinshi nake shan kofi. Wanda ya kulle kanshi ɗaki shekara biyar ba ya da mai faɗin haka. Ku kunka koya mana cewa zumunta a ƙafa take.

Tsoronku dai ba banza ba ne. Akwai mashaya a kowane lungu, suna ce musu maki. Akwai cacar ƙwallo cikin salula, wadda ta fi giya cin kuɗɗin samari yanzu, don ba ta wari, ba wanda ke gane mai yin ta. Akwai waɗanda sunka shekara bakwai ba aike ba waya, matansu na zaune nan wurin. Amma ku tambayi duk wanda ya yi zaman Abijan, har da iyayenmu da sunka je tun zamanin Diori: mai lalacewa, alamarshi ta farko ita ce ya daina zuwa Lahadi. Mako ɗaya ya ce aiki, mako biyu ya ce ciwon kai, daga nan ya sake unguwa. Waɗanda kuke gani cikin hoto, su ne waɗanda muka san inda suke kwana. In an hana taron da ɗan abin da ke jawo yara gare shi, tuwon, kiɗan, fitar bayan salla, ba su zama ɗaki suna tasbihi ba. Wani wuri za su, inda ba babba.

Inda muke tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne maganar ƙannenmu. Yaro ɗan aji biyar ya ga teku da tabarau, sai ya jefar da allo ya ce shi ma biɗa za shi. Ku yaran da ke zaune can baya, ku ji da kyau: hanyar ma ba kamar da ba ce. Ta Burkina babu kwanciyar hankali, a 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil har mutane sunka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa, kuma a watan Janairu na 2025 ƙasarmu ta fita daga CEDEAO, don haka maganar takardu ba abin wasa ba ce. Kuɗɗin mota kaɗai sai an saida akuya biyu.

Ga abin da taronmu ya tsaida, anka ce mu kawo gabanku. Kuɗɗin wata an ƙara kamar yadda kunka nema, daga watan da ya wuce. Fita bakin teku ba za ta wuce sau biyu a shekara ba, bayan kowace salla, kuma wanda ake bi bashin asusu ba ya shiga mota. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ko wanda ya zo ba da sanin ubanshi ba, za mu ba shi abinci da wurin kwana, mu haɗa kuɗɗin mota mu maido shi. Mu kuma muna roƙo, duk mai tahiya bayan girbi ya zo da katin ɗan ƙasa da takardar rigakafi, kuma a yi mana waya kafin ya taso, don a san ɗakin da za a sauke shi.

Kuɗɗin famfo suna hannun ma'ajinmu, ga shi nan zaune, za a ƙirga su gaban Mai gari da Liman in an tashi. Iyaye mata masu saƙon kuka da garin hatsi, a kai gidan ma'aji kafin Laraba, a rubuta suna bisa kowane ƙulli.