Kofato da Laka: Yadda Za Mu Auna Lafiyar Fadamarmu

(Laccar da aka gabatar a Adogi, ƙaramar hukumar Lafia, a gaban manoma, makiyaya, malaman gona da ɗalibai)

  

An ce in yi magana a kan lahanin da yawan kiwo ke yi wa ƙasar fadama. Na san batun yana da zafi a wannan yanki. Manomi zai rantse maka shanu ne suka kashe fadama, makiyayi kuma ya rantse noma ne ya cinye ta, a tashi zama kowa da rantsuwarsa, ita kuwa ƙasar da ake rigimar a kanta ba wanda ya tambaye ta. To tana da amsa, kuma ana iya karanta amsar da kayan da ba su fi ƙarfinmu ba.

Kada ku zaci mu kaɗai ne ke magana da ka. A wajajen 1990 zuwa 1991 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da wata cibiyar nazarin ƙasa da ke Holand, sun fitar da taswirar lalacewar ƙasa ta duniya da ake kira GLASOD. A ciki aka ce yawan kiwo ne ya jawo kusan rabin lalacewar ƙasa a Afirka. An daɗe ana maimaita wannan adadi a taruka, alhali an gina taswirar ne bisa ƙiyasin masana, kowa ya faɗi abin da yake gani game da yankinsa. Ƙiyasin masani yana da daraja, amma ba a raba gardamar burtali da shi.

Me ya sa kowa ya taru a fadama? Ruwan sama a ƙasar Lafia yakan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba. Da ya ɗauke, ciyawar tudu ta bushe, wuta ta bi ta kanta, sai ya zama ɗanyen haki da ruwan sha suna kwari kaɗai. A da makiyayi na sauka nan da rani ba mai hana shi. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa a Arewa, noman rani ya bunƙasa, kuma alheri ne babba. Sai dai duk kadadar da aka shuka an rage ta ne daga wurin kiwo. Ga kuma dokar hana kiwon sake ta jihar Binuwai da ta fara aiki a Nuwamba 2017, wadda ta sa garkuna da yawa suka tsallako Nasarawa, musamman ta Awe, Keana, Obi da Doma. Shanu sun ƙaru, fili ya ragu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu mu duƙa mu dubi ƙasar. Ƙasa mai lafiya kusan rabinta 'yan ƙofofi ne da iska da ruwa ke zama ciki, saiwa ke bi, tana ke yawo. Saniya mai kilo 250 zuwa 300 duk nauyinta kan kofato yake, idan tana tafiya kuma ƙafa biyu ko uku ne ke ɗauke da shi. Busasshiyar laka tana jure wannan. Jiƙaƙƙiya kuwa kwaɓewa take yi ta danne, kamar yadda magini ke tattaka yumɓu kafin ya buga tubali, ƙofofin nan su toshe. Yawancin dannewar tana tsayawa ne a santimita 10 zuwa 15 na sama, wato daidai inda saiwar ciyawa da ta shinkafa ke neman abinci. Ruwan farko ya zo ya kasa shiga, ya gangara, ya kwashi ƙasar sama, sawun da shanu ke bi zuwa mashaya ya zurfafa har ya zama kwazazzabo.

Awo na farko shi ne na nauyin ƙasa. Ana kafa zoben ƙarfe mai cin santimita kubik 100, a ciro shi cike ba tare da an marmasa ƙasar ba, a busar da ita a zafin digiri 105 na kwana guda, a ɗora a sikeli. In ta yi giram 130, an sami 1.3 ke nan, kuma kusan rabinta ƙofofi ne. In ta kai giram 160, an sami 1.6, ƙofofin sun koma kusan kashi 40 cikin ɗari. A ƙasa mai yawan laka, tun adadin na kusantar 1.5 saiwa take fara shan wahala, rairayi kuwa yana iya wuce haka lafiya lau. Ɗalibai ku riƙe wannan da kyau: ba a gwada adadin jigawa da na laka. Wanda ya yi haka zai ɗora wa saniya laifin da halittar ƙasa ce ta kawo shi.

Na biyu, wanda na fi so don kowa na iya yi, shi ne awon shan ruwa. A sami bututu mai faɗin santimita 15, a kafa shi a ƙasa, a zuba ruwa ɗan ƙasa da rabin lita, daidai da ruwan sama inci guda. A duba agogon waya har ruwan ya ɓace, a sake zubawa, a rubuta lokacin zubi na biyu, domin na farko jiƙa ƙasa kawai yake yi. Yi wannan a bakin mashaya, ka yi taku hamsin ka sake, ka yi ɗari biyu ka sake. Gani ya kori ji. Akwai kuma sandar ƙarfe mai agogo da ake dannawa a ga taurin ƙasa. Tana da sauri, amma tana yaudara, don ƙasa in ta bushe tauri take yi ko ba a taɓa taka ta ba. Sai ragowar ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke sa ƙasar fadama baƙi, wanda ɗakin gwaji ne ke auna shi, ta hanyar da Walkley da Black suka fitar tun 1934. Shi wannan a hankali yake sauyawa, sai an yi shekaru ana bibiya.

A nan zan juya ga Ardo, shugaban makiyaya, domin akwai awon da ya fi mu iyawa. Makiyayi ya san inda burugu da gamba suke a da, ya san shekarar da suka fara janyewa tofa da tafasa suka maye gurbinsu, ya san inda ƙasa ta zama faƙo. Sauyin ciyawa yakan riga sauyin ƙasa bayyana. Malamin da ya shimfiɗa igiyar awo yana ƙirga tsirrai bai tambayi mai sanda ba, ya bar rabin littafin bai karanta ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, da ake samu kyauta tun 2015, suna nuna inda kore ke raguwa shekara bayan shekara, amma ba za su gaya maka ko saniya ce, ko gobarar daji, ko masu haƙar ƙasar bulo ba.

Shi ya sa awo ɗaya a wuri ɗaya ba hujja ba ne. Dole a sami filaye uku masu ƙasa iri ɗaya a kwari ɗaya: wanda ake kiwo, wanda ake nomawa, da ɗan ƙaramin da aka killace ba kofato ba garma. A auna su a ƙarshen damina da ƙarshen rani, aƙalla shekara uku. Kada manomi ya yi mamaki in nasa filin ma ya nuna rauni, don huɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙona karmami suna da nasu tabon. Kada kuma a manta kashin shanu taki ne, kiwo daidai gwargwado yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Lissafin abinci kuwa ba wuya. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kusan kilo 6 da kwata a rana. Garken shanu 100 a wata biyar na rani zai buƙaci sama da tan 90. A yanki ciyawar murabba'in mita guda a wurare da dama, a busar, a auna, za a san abin da kwarin zai iya ɗauka, a bar kusan rabi ya rufe ƙasa. Ni a ganina ma lokacin shiga ya fi yawan kawuna muhimmanci. Shanu kaɗan a Nuwamba, laka na jiƙe sharkaf, suna iya yin ɓarnar da garke babba ba zai yi ba a Fabrairu.

Ba mu rasa masu yin aikin ba. Jami'ar Tarayya tana Lafia, Kwalejin Aikin Gona tana Lafia, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana Shabu, duk tafiyar da ba ta kai yini ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a 2021 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, ya haɗa da jiharmu.

Roƙona ga iyayenmu sarakuna shi ne su ware ɗan fili, ko taku goma ne ta kowane gefe, a killace shi kafin kaka mai zuwa. Ga malamai kuma, ku turo ɗalibanku, amma duk ranar awo a sami wakilin Ardo da na Sarkin Noma a tsaye, su ga agogo da idonsu, a rubuta sakamakon da Hausa, a ajiye kofi a hannun dagaci.  Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.